Torkil Maƙerin Azurfa da Rabin Ƙofar Ganye

Duk wanda ya tashi a layin bayan coci a garinmu Lemvig, da ƙarar gudumar Torkil Ravnholt ya tashi. Tun kafin masunta su dawo da kifin safe take farawa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ba gaggawa ba hutawa. Matan layin ba sa wahalar duba agogo. In gudumar ta yi shiru, to matarsa Bodil ce ta kai masa abincin rana. Dogon mutum ne siriri, mai ranƙwafaffen baya, magana kuwa kamar da kuɗi yake sayenta. A duk zaman aurensu abu ɗaya tak Bodil ta taɓa roƙonsa: ranar da za su cika shekara ashirin da biyar da aure, in maƙwabta sun zo yi musu waƙar asuba, ya ajiye guduma ya zo su buɗe taga tare. Ya ce ya ji, zai buɗe.

Ɗan masunci ne, daga wani ƙauye a bakin tekun yamma. Sai dai Allah bai yi shi don ruwa ba. Da an tura kwale-kwale cikinsa zai hautsine, ya yi ta amai har a dawo, yayyensa suna yi masa dariya. Abin da ya iya shi ne bin gaɓa bayan an yi guguwa, yana tsintar ƙaron teku, wannan daskararren abu mai launin zuma da igiyar ruwa ke watsowa cikin ciyayi. Sai ya zauna bayan rumfar taru yana goga shi a dutse har ya yi sheƙi. Ubansa ya dube shi wata rana ya ce wa uwarsa, “Wannan naki ne, ba nawa ba. A nemo masa sana'ar zama.” Da ya kai shekara goma sha huɗu aka ɗaure masa 'yan tsummansa, aka kai shi gari wajen tsoho Skaarup maƙerin azurfa.

Shekarar farko ba a ba shi guduma ba, tsintsiya aka ba shi. Ya share maƙera, amma kada ya kuskura ya zubar da sharar, don akwai garin azurfa a ciki. Daga baya ne maigidan ya ɗora masa faifan azurfa a kan uwar maƙera ya ce ya tashe shi ya zama kwano. Skaarup ba ya kallon hannun mai koyo, baya yake juya masa ya kasa kunne.

“Tsaya nan, ɗan masunci! Ba ka ji ta ba?”

“Wa, Maigida?”

“Azurfar mana, wa kuma? Ta fara kuka da siririyar murya, ta gaji ke nan. Ka ƙara mata uku ta tsage, ni kuma in tsaga ka. Mai da ta wuta ta yi laushi.”

Haka Torkil ya koyi sauraron ƙarfe tun bai koyi sauraron mutane ba, kuma na biyun bai taɓa iya shi sosai ba.

Da ya sami 'yancin sana'a sai ya tafi Copenhagen, ya shiga wata babbar maƙera inda maƙera ke jere a teburi kamar 'yan makaranta. A can aka gane yana da hannun zane. Ya zana wani abin maƙalawa a ƙirjin riga, siffar ɓawon ciyawar teku, da ƙwayar ƙaro a tsakiya. Abin ya karɓu, aka yi ta buga shi, amma hatimin kamfani ne a bayansa, ba nasa ba. Wata rana ya ga wata mata a jirgin ƙasan cikin gari sanye da shi. Ya ƙura wa ƙirjinta ido yana duba ko ƙwayar ta zauna daidai, har matar ta ja mayafinta ta ce masa marar tarbiyya. Ya sauka a tasha ta gaba, kunnuwansa jajir. Ranakun Lahadi yakan tafi bakin tashar jiragen ruwa da baƙin burodinsa a takarda, ya ci shi kaɗai yana kallon tsuntsaye. Yaƙi ya zo, azurfa ta yi wuya, aka koma yin kayan ado da baƙin ƙarfe ana ɗan ɗiga masa azurfa. Da aka gama yaƙin ya tattara gudumominsa ya dawo gida da wani ɗan guntun ƙarfe a aljihu, wanda ya sassaƙa haruffa biyu na sunansa a bakinsa. Ya rantse daga ranar ba abin da zai fita hannunsa sai da wannan hatimi, kuma ba zai buga shi a kan aikin da bai gamu ba.

Bodil a kantin madara take aiki lokacin. Gajera ce, mai dariyar da ake ji daga ƙarshen layi. Ta kawo masa cokalin uwarta da ya karye a wuya. Aikin yini guda ne, amma duk zuwan da za ta yi sai ya ce bai gama ba. Da hunturu ya fita bazara ta shigo, ta dafa teburinsa da hannu biyu.

“Malam maƙeri, cokalin ne ba ka gama ba, ko maganar ce ba ka iya ba?”

Ya sunkuyar da kai yana goge abin da ba ya buƙatar guga.

“To shi ke nan, ni zan faɗa. Ranar Lahadi ka zo gidanmu shan kofi. Ka sa riga mai wuya, ka taho da cokalin, uwata ta gaji da cin abinci da na aro.”

A watan Nuwamba aka ɗaura musu aure. Haihuwa ba ta zo ba, ba su kuma taɓa yin maganar a gaban kowa ba. Bodil ta kama gaban kanti, shi ya koma baya. Ita ce bakinsa, daga baya kuma ta zama kunnensa, don guduma ta fara cin jinsa tun bai tsufa ba. Ita ta san 'yar wa za a yi wa baftisma a sayi cokali, ɗan wa ke neman aure yana jin kunyar tambayar zobe. Shi dai nasa bugu. Ko da ya daina jin kukan azurfa bai daina gane gajiyarta ba, a tafin hannunsa yake jinta yanzu.

A shekarar aurensu ya fara yi mata sarƙar wuya. Kowace shekara, ranar da aka ɗaura auren, sai ya ƙara gaɓa ɗaya mai siffar ɓawon kifin teku, ya mai da ita aljihun tebur ya kulle. Ya ce ranar bikin azurfa, wato cikarsu shekara ashirin da biyar da aure, sarƙar za ta cika gaɓa ashirin da biyar, ranar zai buga hatimi, ranar za ta sa. Abin dariyar shi ne, duk matar da ta sayi abu a wurinsa, kalma ɗaya yake fitowa ya gaya mata: kada ta adana shi a akwati, azurfa jikin mutum take so, in an ajiye ta sai ta yi baƙi.

“Ka ji mai wa'azi,” in ji Bodil. “Tawa fa? Bari in ɗan gwada, ko a gaban madubi ne.”

“Ba ta gamu ba.”

“Ni ma ai ban gamu ba ka aure ni.”

Sai ya yi murmushi ya jefa mabuɗin a aljihu.

Bodil ce sarauniyar waƙar asuba a layinmu. Duk gidan da za su cika shekara ashirin da biyar, ita ce za ta sa maza su shiga daji su yanko ɗanyun rassa, a saƙa ƙofar ganye a kewaye ƙofar gidan cikin sanɗa, ita ce za ta taso Holger mai burodi da ƙahon busarsa. Da asuba a taru ƙarƙashin tagar ɗakin kwanansu a yi ta rerawa. Ba a ƙwanƙwasa ƙofa, abin kunya ne. Waƙa ce ke tashin su, su buɗe taga da kansu, sannan a shiga a sha kofi da burodi mai zafi. Kyautar da ake kai wa ma'auratan kusan duk daga hannun Torkil take fitowa, amma ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba. Kullum akwai abin da ke kan wuta.

Da su ma suka kai rabin hanya, shekara goma sha biyu da rabi, aka kafa musu rabin ƙofar ganye kamar yadda aka saba, gefe ɗaya kore, gefe ɗaya wayam. Aka zo aka fara waƙa. Torkil yana maƙera tun da duhu, yana haɗa gindin kofin ibada na wata coci, wuta ta kama daidai, in ya ɗaga hannu aikin mako da makonni ya lalace. Bodil ta buɗe taga ita kaɗai, da rigar barci, tana ta murmushi tana ɗaga hannu.

“Amarya, ina angon?” in ji Holger daga ƙasa. “Ko kin narka shi kin yi 'yan kunne?”

Aka kwashe da dariya, ita ma ta yi. Sai da kowa ya watse tana wanke kofuna sannan ya fito yana goge hannu. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ranar ce ta yi wannan roƙon nata guda ɗaya, na su buɗe taga tare.

Shekaru suka tafi. Cokula na farin ƙarfe marar tsatsa suka cika kantuna, 'yan matan zamani suka ce ba su da lokacin goge azurfa. Maƙera da yawa suka rufe. Shi kayan ado suka riƙe shi. Wani kanti a babban birni yakan aiko a ɗebi zobba da mundaye, wani lokaci baƙi masu yawon buɗe ido su tsaya su saya. Bai yi suna ba, bai kuma nema ba. Amma har yau in ka ga tsohuwa a cocinmu da ɓawon azurfa a ƙirji, juya bayansa za ka ga haruffansa biyu.

Saura 'yan watanni bikin azurfarsu ciwo ya kwantar da Bodil. Bai ja ta da nisa ba. A asibiti sai ta ɗaga murya kafin ya ji, har majinyatan gefe suka san sirrinsu kaf.

“Torkil, ba na jin zan ga Nuwamba.”

“Za ki gani.”

“Kar ka yi min gardama, ba ka iya ba. In sun zo, ka buɗe taga.”

“Wa zai zo yi wa gwauro waƙa?”

“Na ce in sun zo. Kuma ka je ka ɗauko min sarƙata, in sa ko da ba ta gamu ba.”

Ya tafi gida da sauri ya buɗe aljihun tebur. Sarƙar ta yi baƙi ƙirin, tsofaffin gaɓoɓin kamar an tsoma su a tukunya. Ya tsaya yana kallonta. Ya kai wa matarsa wannan? Ya ce bari ya ɗan goge ta, minti kaɗan ne. Gaɓa ɗaya ta ja ta biyu, kowace kuma tana da lungun da tsumma ba ya shiga. Ko da ya koma asibiti rana ta yi sanyi, sarƙar na walƙiya a cikin hankici, ya tarar an ja labule a gadonta, ta riga ta cika.

Daga nan gidan ya yi masa girma. Ƙararrawar ƙofar kanti takan yi ta kaɗawa bai ji ba, mai saye ya gaji ya tafi. Wanda ya daure ya shiga baya sai ya yi ta ihu kafin su fahimci juna, kowa ya rabu da ɗan'uwansa a gajiye. Holger yakan ajiye masa burodi a bakin ƙofa ya wuce. Mu mutanen yamma kuwa muna da wani hali da ni dai ba na yaba mana: in muna tausayin mutum sai mu ƙyale shi, mu ce mutunta shi muke yi. Aka yi ta mutunta Torkil har bazara ta wuce ba wanda ya zauna a kujerar Bodil ya sha kofi da shi. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, ya rame, yakan wuni bai buɗe baki ba.

Nuwamba ta zo. Ya san ba a yi wa mutum ɗaya bikin azurfa, ba a taɓa yi ba. Amma ta ce in sun zo. Tambaya kuwa ba zai iya ba, ko za a yanka shi. Ana gobe ranar ya hau bas ya tafi wani gari ya sayo burodin kofi cike da jaka, don in ya saya a wurin Holger za a ce jira yake. Ya fito da duk kofunan gidan ya jera a teburi.

Bai jira asuba ba ya tashi. Ya sa kwat ɗin aurensa da ta yi masa yawa yanzu, ya ɗora ruwan kofi, ya hau sama ya tsaya a bayan taga cikin duhu. Ya san kunnensa ba zai taimake shi ba, don haka ido ya sa. Layin shiru, dusar ƙanƙara ta ɗan zuba fari-fari, ko kyanwa babu. Ya tsaya har ƙafafunsa suka yi sanyi, numfashinsa ya rufe gilashin, ya goge, ya sake rufewa. Can ya ce wa kansa, tsohon banza, me kake jira? Kai da ba ka taɓa zuwa na kowa ba. Kunya ta kama shi shi kaɗai a ɗaki. Ya sauko ya wuce teburin kofuna bai kalle shi ba, ya shige maƙera can baya, inda gaɓa ta ashirin da biyar ke jiran bugun ƙarshe. Ya ɗauki guduma.

Ya buga ta har ta yi santsi, ya haɗa ta da 'yan'uwanta, ya ɗora hatimi ya doka. Sarƙa ta gamu. Da ya ɗaga kai gari ya waye tangaran. Ya je ya buɗe ƙofar gida don ya ɗauko madara, sai wani reshe ya shafi fuskarsa.

Rabin ƙofar ganye ce, daga dandamali ta hau gefe ɗaya ta tsaya a tsakiya. Ɗaya gefen wayam. Ƙanƙarar da ke ƙarƙashin taga duk an tattake ta, sawun maza, sawun mata, har da na yara, ga ɗigon kyandir nan da can. Ba kowa sai Holger, zaune a kan dakali, ƙaho a cinya, hancinsa ja kamar tumatir.

“Kun zo?” in ji Torkil.

“Mun zo!” Holger ya faɗa da ƙarfi a kunnensa na hagu. “Layin nan kaf, har da fasto. Mun rera duk wanda muka iya, muka sake daga farko. Kai kuma kana ta ba mu amsa da guduma, kurman banza!”

“Ban ji ba.”

“Ai na ce musu. Rigmor matata ta ce a'a, a bar shi, ba ya so, bugun nan shi ne amsarsa. Mata suka fara kuka, maza suka tafi aiki.”

“Da kun ƙwanƙwasa.”

Holger ya dube shi kamar ya yi saɓo. “A ƙwanƙwasa? Bodil ta taso daga kabari ta ci mu da rai?”

“Na tsaya a taga, Holger. Tun da duhu nake tsaye.”

“To wane mahaukaci ne zai yi waƙa a wannan lokacin? Mu ba masunta ba ne.” Ya ja hanci, ya goge ido da bayan hannu ya ɗora wa sanyi laifi. “Bari in bi gida-gida in kira su, ai ba su yi nisa ba.”

“A'a. Ba a yin ta sau biyu.” Torkil ya dubi sawun. “Kai dai tsaya nan.”

Ya koma ciki. Holger ya ji takunsa a kan matakala, a hankali, irin na tsofaffi. Sai ga tagar sama ta buɗe, ga Torkil da kwat ɗin aure, ya matsa gefe ɗaya ya bar wurin mutum guda a kusa da shi. Holger ya miƙe, ya cire hula, ya kai ƙaho baki da leɓen da sanyi ya daskarar. Torkil yana ganin kumatunsa na kumbura, yana ganin yatsunsa na hawa da sauka, yana ganin labulen maƙwabta na motsi. Bai ji komai ba.

Ya sauko, ya fito, ya yi wa Holger alama da hannu ya ci gaba. Sannan ya ɗora tafinsa a kan bakin ƙahon, kamar yadda yake ɗora shi a kan kwanon da yake bugu. Tagullar ta yi ta rawa a hannunsa, tana hawa tana sauka, har ya gane waƙar. Wadda Bodil ke fara rerawa ce a ƙofar kowa. Ya tsaya a haka, hawaye na bin gemunsa, har aka kai ƙarshe.

“Ƙahonka ya tsage a wuya,” ya ce. “Ka kawo in gyara.”

Suka shiga suka zauna su biyu a gaban kofuna fiye da ashirin. Holger ya gutsuri burodin, ya tauna, ya ce wanda ya gasa shi ya kamata a ɗaure shi.

Torkil ya ƙara shekaru masu dama bayan wannan, gudumar tana ƙara yin ƙasa-ƙasa har ta daina. Ba wanda ya taɓa yi masa maganar safiyar nan, shi ma bai yi wa kowa ba. Mata sun sha tambayar juna ina sarƙar Bodil ta shiga. Wasu suka ce ya narka ta, wasu suka ce ya binne ta a kabarinta. Ranar da ya rasu, Holger da Rigmor ne suka shiga shirya shi. Da Rigmor ta ɓalle masa maɓallin wuyan riga sai ta ja da baya ta kira mijinta. Sarƙar mace ce a wuyan tsohon, a kan fata, gaɓoɓinta sun suɗe don daɗewa a jiki, kuma fara tas, ba ɗigon baƙi ko ɗaya.